Kwalbar Obadiya Mai Tsaron Raga

Duk wanda ya san Fadaman Mada ya san rumfar facin Obadiya, don ko ba ka da taya za ka jiyo tarin injin iskarsa tun daga nesa. Dogo ne, mai tafin hannu kamar faifai. Iyayensa daga kudancin jihar suka zo aiki Bauchi, amma shi a nan aka yanke masa cibiya, a nan ya koyi kama ƙwallo tsakanin duwatsu biyu, ƙafa ba takalmi. Tun bai tara gashin baki ba wata ƙungiya ta kudu ta ɗauke shi, ya yi shekaru yana tsare mata raga. Ana cewa a zamaninsa bai taɓa kau da fuska daga ƙwallo ba, ko da jaki ne ya harbo ta.

Wata rana sai ga shi ya dawo gida salin-alin, ya kafa rumfa. Mutane suka ce tsufa ne. Matarsa Felicia kaɗai ta san gaskiya: a wasansa na ƙarshe takalmin wani ya same shi a idon hagu, idon ya mutu. Yana nan garau a fuska, amma ba ya ganin komai. Na daman kuma ya fara ciwo, da ya sha rana sai ya yi ja, ya rufe da hazo. Likita ya ba shi maganin ɗigawa a 'yar kwalba, ya ce masa, "Wannan ɗayan shi ne duniyarka. Duka ɗaya ya ishe shi." Tun daga ranar Obadiya ke zaune da tsoro. Ko taya zai buga wa iska, sai ya juya mata ƙeya.

Ana haka Taurarin Fadama, ƙungiyar unguwa, suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar unguwanni, golansu kuma ya karye a hannu. Mansir, direban keke kuma shugaban magoya baya, mutum ne da ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai a sahun salla. Shi ya jawo ayarin kekuna har bakin rumfa, da kalangu, da sabuwar riga mai lamba ɗaya.

"Yaya Obadiya, unguwa ta zo roƙo," in ji Mansir. "Kana raye a ci mu? Wallahi in ka tsaya a raga, ko ƙuda sai ya nemi izini!"

Obadiya ya buɗe baki zai ce a'a. Sai ya ga dattawan da suka yi ƙwallo da shi suna yara, ya ji ana kiran sunansa da irin muryar da ya yi shekaru bai ji ba. A faɗi gaskiya, abin ya yi masa daɗi. Ya miƙa hannu ya karɓi rigar.

"Baban Jesse, ka gaya musu mana!" in ji Felicia da ta ga rigar. "In idon nan ya tafi, wa zai ja ka? Mansir?"

"Wasa ɗaya ne," ya ce, bai dube ta ba.

A wajen atisaye ya saba ajiye kwalbar a gindin turken raga, naɗe cikin tsumma. In idon ya fara zafi sai ya tsuguna, ya juya wa jama'a baya, ya ɗiga. Ai kuwa aka gani. Mutanen ƙwallo kuma, in suka ga gola ya tsuguna a gindin turke yana shafa wani abu a fuska, ba sa bukatar a yi musu fassara. Kafin kwana biyu duk mai shayin da ke unguwar ya san Obadiya ya zo da abu daga kudu, wanda ke sa ƙwallo ta zame masa girman tulu. Mansir ya riƙa yaɗa zancen a keke, kyauta, ga duk fasinjan da ya hau. Labari ya kai Ƙofar Ran, wurin waɗanda za a kara da su.

Ranar wasa fili ya cika maƙil. Babu katanga, igiya ce kawai tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa. Obadiya ya tsaya a karkace, yana juya kai kamar zakara don ya ga ɓangaren hagu, jama'a suka ce salo ne na manya. Kowace ƙwallo ta taso, gabansa sai ya faɗi. Ya kama biyu, ya doke ɗaya, fili ya ɗauki ihu.

Da aka tafi hutun rabin lokaci idon ya yi ja wur. Ya tsuguna a gindin turke, ya kwance tsumma. Bai kai ga ɗigawa ba ya ji an ce, "Ga ta can! Ku ƙwato ta!" Samarin Ƙofar Ran suka tsallako igiya, 'yan Fadama suka yo kansu don kare asirinsu. Obadiya na tsakiya. Gwiwar hannu ta wuce ta gefen kuncinsa, dutse ya daki turke saitin kansa. Wannan ƙaton da ake tsoro ya kife a ƙasa, ya rufe idon dama da tafukansa biyu, yana kiran sunan Yesu. Da ƙura ta lafa, ya tarar an tattake kwalbar.

Haka ya koma raga, ido na yaji, 'yan wasa sun zame masa inuwoyi. Ana dab da tashi, babu wanda ya ci, alƙalin wasa ya ba Ƙofar Ran fenariti. Mai bugawa ya ja da baya, ya sheƙo, ya narko ta saitin fuska. Obadiya ya ji iskarta tafe. Ya kau da kai, ya kare idonsa da hannu, ƙwallo ta wuce ta kunnensa ta faɗa raga.

Washegari ya buɗe rumfa yana jiran zagi, ko abin da ya fi zagi, don a nan golan da ya kauce wa ƙwallo sunansa wanda ya sayar da wasa. Sai ga Mansir shi kaɗai, fuska a sake.

"Yaya, kada ka sa komai a ranka. Kowa ya gani, kwalbar suka fasa. Akwai wasan neman na uku ranar Asabar. Ka aika kudu a kawo wadda ta fi ta, mu kuma za mu zo da gorori mu tsare maka turke."

Obadiya ya dube shi. Gorori, a kusa da fuskarsa. Ya ajiye ƙarfen cire taya, ya miƙe.

"Mansir, tsaya nan gabana. Ɗaga hannunka, ka yi ta kaɗawa."

Mansir ya yi dariya, ya ɗaga. Obadiya ya sa tafi ya rufe idonsa na dama.

"Ka ɗaga?"

"Ga shi kuwa ina kaɗawa, Yaya."

"To ni ban ga hannun ba, kai ma ban gan ka ba. Kwalbar maganin ɗayan ce."

Mansir ya dubi buɗaɗɗen idon nan da ke kallonsa garau. Hannunsa ya daɗe a sama kafin ya tuna ya sauke shi.