Amon Tangaran

Har yau idan cokali ya taɓa bakin kofin tangaran, sai in dakata in saurari amon har ya mutu. Wataƙila za ka ce camfi ne. Ba zan musa ba.

Muna unguwar Catford ta Landan a shekarun da kuɗin mai ya fara ambaliya a gida, Baba yana aikin gwamnati wajen Charing Cross. Da sanyi ya kama aka kawo kakata, mahaifiyarsa, saboda wani tari da ya ƙi jin magani. 'Yar maginan tukwane ce, ba ta yarda da mazubi sai ta ƙwanƙwasa shi da farce.

A falon gidanmu akwai kwanon tangaran na ƙasar Sin, fari mai shuɗin zane. Ranar da ta ƙwanƙwasa shi, amon ya daɗe yana yawo a ɗakin.

"Kai! Wannan ƙasa ta sha wuta," in ji ta. "Mijina, saurara. Mai tsaga a ciki ba ya wannan kuka, ko da ido bai gani ba."

Daga baya na karanta a jami'a cewa farin yumɓu ake haɗawa da garin wani dutse, a gasa har dutsen ya narke ya toshe kowace kafa kamar gilashi. An ce a Turai har tsare masani aka yi don ya gano sirrin. Iyakar abin da na fahimta ke nan.

Na raka ta asibiti tare da Baba. Likita ya ɗora tafinsa a bayanta yana bugawa da yatsa. Ɓangaren dama ya amsa da amo. Na hagu ya yi dum, kamar an bugi buhun gero. Ya yi wa Baba dogon Turanci ƙasa-ƙasa.

"Inna, ya ce da sauƙi. Ki zauna a yi magani," in ji Baba.

Ta gyara mayafinta a hankali.

"Ni ma na ji ai. Ka mai da ni gida tun ƙafata tana ɗaukata."

Baba ya roƙe ta, ta ƙi. Ya yankar mata tikitin jirgi. Ba ta ga damina ba, amma a ɗakinta ta cika.

Yanzu roba ta cika gidajenmu, ita kuwa ba ta da amo, ba ta tona komai. Kwanon yana wurina. Ina goge shi, ina duba shi a haske, ban ga tsaga ba. Ban dai taɓa ƙwanƙwasa shi ba.