Ranar da Baba Ya Duba Farcena

Jiya ina yanke wa 'yata farce, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Duk tsawon koyarwarsa a firamare, kullum sai ya duba farcen ɗalibai, mu 'ya'yansa ma ba mu tsira ba. Bayan ya yi ritaya na kama aiki a kamfanin jimar fata a Challawa. Aikin ya rine mini farce baƙi ƙirin, na riƙa ɓoye hannu a gabansa.

Wata Juma'a ya ce, "Miƙo."

Ya jujjuya yatsuna cikin tafinsa mai ƙamshin turare. "Wannan ba datti ba ne, halal ne."

Tun ranar ban ƙara ɓoyewa ba. Allah ya ba shi littafinsa a hannun dama.