Duwatsun Hembadoon

Duk wanda ya taɓa yin Lahadi a ƙauyen Tse-Ikyaan ya san muryar Mama Nguveren. Ita ke ɗaukar waƙa a coci, in ta buɗe baki har jemagun rufi sai sun motsa. Gajera ce kakkaura, tana tafiya kamar wadda aka aika ɗebo wuta. Aure ya kawo ta ƙauyen, ta haifi shida, ta binne biyu, ta binne miji, ta ci gaba da noman doyarta. Fada, limamin cocin, sai jifa-jifa yake leƙowa a kan babur, don haka cocin yana hannunta ita da katikis, mai koyar da addini. Haihuwa, ita ce. Mutuwa, ita ce. In ma'aurata suka kaure, ita ke zaunar da su ta ce, "Ku da kuke karɓar Jibin Ubangiji tare, ko kunya ba ku ji?" Har suna aka sa mata, uwar zumunci. Ita kuwa ba ta son jin sunan nan, don ta san abin da ke ƙasan tukunyarta.

Kowane watan Oktoba siffar Uwa Maryamu takan bar coci ta zaga gidaje. Da yamma mata su ɗauko ta a ka, maza na biye, a kai ta gidan da ke da rabo. Masu gida su share tsakar gida, su shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a ja carbi, a ambaci marasa lafiyar gidan da mamatansa, suna bayan suna. Sannan a ci gyaɗa, a sha lemu, siffar ta kwana nan. Mai faɗin gidan da za a je gobe kuwa, Mama Nguveren ce. Gida ɗaya bakinta bai sake ambata ba tun rasuwar mijinta: gidan Hembadoon, can ƙetaren fadama.

Dalilin ma abin kunya ne faɗarsa. Hembadoon fa aminiyarta ce, shekara guda aka kawo su aure, ita ta riƙe wa Nguveren 'yar fari ranar baftisma. Shekarar takabar Nguveren, aladen Hembadoon ya ɓalle ya tone mata irin doya. Hembadoon ta zo ban haƙuri da kwando cike da iri a ka, amma da yake baki gare ta, sai ta ce cikin dariya, "Ƙawata, ai ko aladen ya san inda doya mai daɗi take!" Shi ke nan. Iri ya shiga ƙasa ya fito, dariyar nan ta zauna a maƙogwaron Nguveren.

Da Oktoba ta zo aka tambayi ranar gidan Hembadoon, sai ta ce, "Fadama ta cika. So kuke mu zame da Uwa a ka mu fasa ta? Sai baɗi." Baɗi ta zo, fadama ta sake cika. Tun ana tambaya har aka daina.

Hembadoon ba ta kai ƙara gun kowa ba. Kowace Lahadi tana zuwa da laka har ƙwauri, ta wanke ƙafa a bakin rijiya, ta zauna a bencin baya. In aka zo gaisuwar salama, lokacin da kowa ke miƙa wa na kusa hannu, Nguveren sai ta suri cakin kiɗa da hannu bibbiyu ta ta da waƙa. Wa zai zargi mai waƙa? Mijin Hembadoon ya rasu, ɗanta Terkura ya bi shi a hatsarin mota, Nguveren ta je ta yi waƙar jana'iza har ta sa mutane kuka. Amma sunayen mutum biyun nan ba a taɓa ambatarsu gaban Uwa a tsakar gidansu ba. Nguveren ta sani sarai. Takan durƙusa gaban Fada ta furta gulma, ta furta zagin suruka, in ta zo kan wannan sai harshe ya yi nauyi. Abin yana cin ta kamar gara, kuma girman kai ya hana ta tofarwa.

Bana bencin baya ya zauna ba kowa, Lahadi bayan Lahadi. Ta daure, ta daure, ranar nan dai suna ɓarar gyaɗa ta tambayi Doosuur mai sayar da ƙosai, kamar ba ta damu ba.

"Wai ina mutuniyar ƙetare?"

"Au, Mama, ke da kika san kukan kowace kaza a garin nan? Baya ya kwantar da ita. Mun yi mata faɗa har mun gaji, tsohuwa da ɗaukar dutse!"

"Wane dutse?"

"Na hanyar fadama mana. Duk rani tana kan jido daga tudu. Wai don kada ku zame."

Gyaɗar ta zube daga cinyar Nguveren. Da yammar nan, bayan carbi, aka jira ta faɗi gidan gobe. Muryar da ke motsa jemagu ta fito 'yar siririya: "Gidan Hembadoon."

Ita ta ɗauki siffar da kanta. Da suka iso fadama, ga ruwa ya cika dama da hagu, ga duwatsu a jere tun daga wannan gaɓa har waccan, an danna kowanne ya zauna daram. Na farkon manya ne, sun yi gansakuka. Can gaba suna ta ƙanƙancewa, har na ƙarshen ba su fi ƙwarya ba, iya abin da wuyan tsohuwa ke ɗauka. Nguveren tana takawa tana jin kamar bayan matar take takawa. Ko tafin ƙafarta bai jiƙe ba.

Sun tarar an fito da Hembadoon kan tabarma a gindin mangwaro. Ga tebur, ga farin ƙyalle da ya sha wanki har ana hango katako ta cikinsa.

"Lale, lale! Ƙawata, kin ga hanya ta yi kyau ko? Ba ku zame ba?"

Nguveren ta sauke siffar, ta zube a gefen tabarma. Jama'a na tsaye, katikis na tsaye, ba ta ko rage murya ba.

"Hembadoon, ba ruwa ba ne. Tun farko ba ruwa ba ne. Ni ce."

"Na sani," in ji Hembadoon. "Ni da nake ƙetarewa duk Lahadi? To, amma hanyar kika ce, ita kuma nake iya gyarawa."

Ta miƙo hannu, duk kanta, yatsun sun karkace. Babu caki kusa. Nguveren ta kama shi da nata biyu.

Katikis ya yi gyaran murya ya ce a ambaci mamatan gida. Aka jira uwar zumunci ta fara kamar kullum. Ta buɗe baki ta ce "Terkura," sauran ya ƙi fita. Hembadoon ce ta ƙarasa mata.