Ranar da Muka Sa Sunan Alhaji a Sama

Malama ta ɗaga aikinmu ta ce, "Wanda sunansa ke sama shi ne shugaban rukuni. Ya fito ya yi bayani."

Nan muka kalli juna.

Digiri na biyu muke yi a fannin kasuwanci, Asabar da Lahadi, rukuninmu duk 'yan Kazaure ne. Kowane kwas da nauyinsa, sai ka haye duka kafin a ba ka shaida. Wannan ya fi kowanne nauyi, kuma aikin rukuni ke da kaso mai tsoka na makin.

A cikinmu akwai Alhaji Sabo, darakta, sa'an babana. Wa zai sa Alhaji aiki? Muka rubuta abinmu, muka ɗora sunansa a sama don girmamawa. Ko bangon bai buɗe ba.

Alhaji ya gyara babbar riga ya fito. Ya yi salati, ya gaida Malama, ya tambayi maigida da yara, ya yi wa ƙasa addu'a. Muna ta amin har lokaci ya ƙare.

Malama ta ce, "Alhaji, ina bayanin kasuwar hatsin Babura?"

Ya waiwayo ya kalle mu. "Yara, ashe har Babura kuka je?"

Baɗi za mu maimaita kwas ɗin. Jiya Alhaji ya kira ni, wai a ajiye masa gurbi a rukuni. Na ji bakina ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Jama'a, wanda ya iya ce wa babba a'a, ya zo ya koya mini kafin baɗi.