Na Ajiye Kujerar Salla

Yau goshina ya taɓa ƙasa a masallaci! Salamu alaikum jama'a, murna ta sa na manta gaisuwa.

Ƙiba ta kashe mini gwiwoyi, har sai a kan kujera nake salla. Likita ya ce in rage jiki. Na bar maiƙo, na koma zogale, kowace safiya ina zaga garinmu Cadawa a ƙafa, amma tumbi yana nan daram.

Ran nan jikata Rabi ta raka ni. Duk gidan da na tsaya gaisuwa sai a miƙo ƙwaryar fura, ni kuwa in shanye.

Ta ce, "Angona, wannan motsa jiki ne ko yawon shan fura?"

Na ce, "Amarya, ni da na ci dusa a shekarun fari, yaya zan mayar da ƙwarya da saura?"

Ta ce, "To ka yi kurɓi ɗaya ka miƙo mini sauran, ba abin da zai zube."

Haka muke yi tun girbi. Yanzu ita ke kukan rigarta ta matse ta!

Ku zo ranar Juma'a ku ga tsoho yana sujada. Kujerar kuma, mai so ya faɗa.