Wutar da Ba Ta Bi ta Mita

Shekara ta yi ta zagayowa 'yata ta fari ko ɓatan wata ba ta yi ba, har uwar mijinta, Hajiya, ta fara cewa gidan ɗanta ba masaukin baƙi ba ne. Kullum ina tsoron kada a turo min yarinya da akwati. Shi ya sa ranar karɓar sakamakon gwaji a wani asibiti a Sabon Gari na yafa mayafi na bi su. Hajiya ma ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Likitar mace ce, Hausarta ta kasuwa, amma tana fita. Ta so ta sallame mu, mijin 'yata ya ce ta faɗa kawai, iyaye ne. Sai ta zana ƙwai, ta zana wani abu mai wutsiya kamar talibambam. Ta ce a jikin wutsiyar akwai 'yan ƙofofi, wani gishirin jiki ke shiga ta nan, shigar tasa ita ce wuta, irin ta batir. Wutar ce ke sa wutsiya ta yi ta bulala har a huda ƙwai. Shi ma ƙwan, da an taɓa shi tasa wutar ke tashi, ya farka.

"Yarinya lafiyarta lau," in ji ta, sannan ta dubi mijin. "Wajen Alhaji ne wuta ba ta shiga."

Ni da shi muka sunkuyar da kai. Hajiya kuwa ta tafa hannu.

"Na faɗa! Layinsu a Kwaciri rabonsu da wuta tun azumi!"

"Mama, ba wutar waya ba ce," in ji ɗanta.

"To ta janareto? Ai akwai a shago."

A cikin adaidaita 'yata ta raɗa min, "Inna, ki yi mata bayani mana." Ni da na yi yaƙi da jahilci na gane zanen sarai. Na ce ta yi shiru tukuna.

Kafin sati Hajiya ta sa an kafa musu sola, ta matsar da gado kusa da soket, ta hana kashe ƙwan ɗaki ko da rana. Ta je har gindin taransifoma ta tsare masu gyara.

"Ku ji tsoron Allah, kun hana ni jika!"

Shi mijin dai yana komawa asibiti abinsa, ba ya gaya mata. Har yau muna jiran ikon Allah. Amma maganar masauki ta mutu. Jiya ma Hajiya ta kai wa 'yata fura da kanta, ta dafa ta.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Duk ƙasar ce haka."