Hantar da Ba Ta Warkar da Baba Ba

Ranar wata Talata, a ranin farko bayan an tare ruwan kogi da dam ɗin Bakolori, Baba ya dawo daga mahauta da kan saniya a buhu, ya ce Inna ta dafa mana. Ni kuwa da ba na barin abu sai na ga cikinsa, na ƙwaƙule ido ɗaya, na laɓe bayan rumbu na tsaga shi da reza. Ruwa ya zubo, wani ɗan ƙwallo mai sheƙi ya faɗo, can ƙurya kuma ga wani tantani kwance kamar jiƙaƙƙen ɓawon albasa. A haka Baba ya riske ni. "Hadiza, mi kinka gani ciki? Ko maita za ki koya?" Na ce ina neman inda saniya take ajiye abin da ta gani. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Baba mahauci ne a Talata Mafara, gadon kaka da kakanni. Shekarun nan kuwa sun zo da wuya. Gonakin dangin Inna na wajen Maradun ruwa ya cinye su, fadamun Bakura da kogi ya saba malalewa suka bushe, miya ta tsinke a gidaje. Sai dundumi ya shiga yara. Muna cikin gaɗa a dandali, magariba na kawo jiki, sai ka ga yarinya ta tsaya cak tana lalubar bango. Maganinsa sananne ne: a gasa hanta, a ɗiga ruwanta a ido, yaro ya cinye sauran. Masu dafa wa ma'aikatan dam abinci kan so kwashe hantar duka, amma Baba sai ya yanke wani ɓangare ya rufe da ganye. "Wagga ta masu dundumi ta," in ji shi. Kwana kaɗan yaro ya koma tsalle-tsallensa.

Abin da ni da Inna kaɗai muka sani shi ne, Baba ma dundumi gare shi. Ana yanka ne da jijjifi, gari bai gama wayewa ba, kuma in aka ji mahauci ba ya ganin wuyan dabba, wa zai ci yankansa? Don haka muka ɓoye zancen. Kullum yamma nake zuwa kasuwa ɗaukar masa faranti, shi kuma ya ɗora hannu a kafaɗata mu taho gida. Mutane suna cewa, kai, Malam Garba na ji da 'yar nan. Ba su san ni ce idonsa ba. A gida ni nake gasa masa hanta, ya kwanta a tabarma in ɗiga masa, yana cewa, "Ƙaro, ɗiyata." Na ƙara har na gaji da ƙarawa. 'Ya'yan mutane suna warkewa da hantarsa, shi kuwa har ganin gefe ya fara ƙwace masa. Haushin da na ji a lokacin, har yau ban ji irinsa ba.

Ba wanda ya kama shi. Da ƙafarsa ya je gaban Sarkin Pawa ya ajiye wuƙa, ya ce, "Ba ni ciyar da Musulmi abin da ban gani ba."

Tantanin nan na bayan rumbu shi ya zama aikina. A kansa na yi karatu, a kansa na yi furfura a ɗakin bincike. Yanzu na san dundumin yaran na yunwa ne, na Baba kuwa gado ne: ƙwayoyin tantanin da ke gani a duhu-duhu ne suke mutuwa sannu a hankali, kuma hantar duk shanun Mafara ba za ta tashe su ba. Maganin muna kan nemansa. Zuwana na ƙarshe kafin ya rasu, ya shafa fuskata ya ce, "To, Malama, kin gano inda saniya ka aje abin da ta gani?" Na ce saura kaɗan, Baba. Ya ce ba ya sauri.

Yau yaran gidanmu ba su ma san dundumi ba. Ni kuwa in magariba ta same ni a hanya, sai in ji na rage tafiya, kafaɗata ta dama tana jiran hannu.